Da gaske waya na sauraron hirarmu ta jefo mana talla?

Ummu Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka san cikin waya da wajenta su raba mana wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mutum biyu za su zauna suna hirar katifa ko takalmin gudu, ba wanda ya ɗauki waya ya bincika komai, amma kafin gari ya waye tallan katifar nan ya tare gaban ɗayansu a Facebook ko Instagram. Duk wanda aka tambaya sai ya rantse an taɓa yi masa. Kamfanonin sun ce ba sa sauraro, to amma yaushe ɓarawo ya taɓa cewa shi ne?

Abin da nake son sani: waya za ta iya buɗe makirfo ba da sanin mai ita ba? In za ta iya, ta ina ake kama ta? In kuma ba sauraro ba ne, to mene ne, kuma me ake kashewa? Don Allah kada a ce in daina riƙe waya, wannan ba amsa ba ce.

Abu Hanif:

Wa alaikumus salam Hajiya. Mu fara da makirfon, tunda shi ake tuhuma.

Manhaja ba ta da ƙofar kanta zuwa makirfo. Dole ta bi ta tsarin wayar, Android ko iOS, ta nemi izini, kuma tsarin yana rubuta duk lokacin da ta shiga. Tun Android 9, wato 2018, manhajar da ke kwance a baya ba ta samun sauti, sai in tana kan allo ko ta kafa sanarwa a sama cewa tana aiki. Daga iOS 14 a 2020, iPhone na kunna ɗigo ruwan lemu a saman allo duk sanda makirfo ke buɗe, kore kuma in kyamara ce. Android 12 ya kawo irinsa a 2021, shi kore ne ga duka biyun. Yana fitowa da ɗan girma, bayan 'yan daƙiƙu ya tsuke ya koma ɗigo a kusurwar dama ta sama. Ki ja allon ƙasa ki taɓa shi, zai faɗa miki sunan manhajar.

Ba sai kin zauna gadin ɗigo ba. A Android 12 zuwa sama, cikin saiti, sashen tsaro da sirri, akwai allon da ke jera manhajojin da suka taɓa makirfo, kyamara da wurin da kike cikin awa 24 da suka wuce, har da ƙarfe nawa. A iPhone rahoton sirrin manhajoji ne, yana can ƙasan sashen sirri, ya zo da iOS 15.2, yana riƙe bayanin kwana 7. Sai dai shi sai an kunna shi yake fara rubutu, ba ya tono abin da ya wuce. In kika ga Instagram ta buɗe makirfo ƙarfe 2 na dare kina barci, kin sami hujja. Abin da yawanci ake gani shi ne WhatsApp lokacin saƙon murya, da kyamara lokacin ɗaukar bidiyo.

Sai lissafin data. Muryar da za a iya gane kalmomi a cikinta tana cin kamar kilobit 16 a daƙiƙa. Wannan kilobayit 2 ke nan a daƙiƙa, megabayit 7 da ɗoriya a awa, kusan 170 a yini, sama da gigabayit 5 a wata. Babu manhajar da za ta kwashe wannan a ɓoye ba a gani a shafin lissafin data ba, ga zafin waya ga shan batir. Wani zai ce ai za ta iya juya muryar zuwa rubutu a cikin wayar ta tura kalmomi kaɗan. Haka ne, datar ba za ta tona ta ba, amma dole dai makirfo ya kasance a buɗe, ɗigon kuma zai kunnu.

A 2018 masu bincike a jami'ar Northeastern da ke Boston a Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000 suna duba abin da ke fita daga wayoyin. Ba su kama ko ɗaya tana ɗaukar murya a ɓoye tana aikawa ba. Abin da suka kama ya fi ban mamaki: wasu na ɗaukar hoto ko bidiyon allon mutum yayin da yake cikinsu, suna tura wa wani kamfani na daban. An bar jaki ana dukan taiki.

In kina son gani ya kori ji, ki gwada da kanki, amma gwaji mai tsafta. Ki rubuta abu goma a takarda, da biro, waɗanda ba ruwanki da su: injin ɗinkin takalmi, abincin kifin ado, igiyar hawan dutse, irin waɗannan. Biyar ki riƙa ambatarsu da ƙarfi kusa da waya sau da yawa a yini, biyar kada su fito daga bakinki. Ki ƙirga tallan kowane rukuni har mako guda. Abin da ke ɓata gwajin uku ne: rubuta sunan abin a waya ko da a saƙo ne, gaya wa wanda kuke gida ɗaya har ya je ya bincika, da tsayawa kallon tallan in ya fito, domin tsayawar ma ana ƙirga ta.

Mai Lissafi:

Malam Abu Hanif ya wanke makirfo, amma Hajiya ba ta yi ƙarya ba, tallan yana fitowa. Ruwa ba ya tsami banza. Bari a bi sawun katifar nan.

Mutum biyu ne a hirar. Ɗaya bai bincika ba, to ɗayan fa? Da wuya a yi hirar katifa haka kawai, galibi wani ne ke shirin saye, kuma ya riga ya leƙa shagunan intanet kwana biyu da suka wuce. Akasarin waɗannan shaguna sun dasa wani ɗan guntun rubutun kwamfuta a shafinsu, na Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ana kiransa fiksel, Google da TikTok ma kowa na da nasa. Aikinsa kai rahoto: wannan ya buɗe shafin katifa, ya sa a kwando, ya fita bai biya ba. In ya rubuta lambar waya ko imel a shafin, ana iya murɗe su zuwa dogon jerin haruffa a tura tare, can kuma a haɗa da asusun mai wannan lambar. Ba sai Facebook na buɗe a wayarsa ba. Wasu shagunan ma ba ta burauzar mai saye suke turawa ba, daga kwamfutarsu kai tsaye zuwa ta Meta, shi ya sa manhajar toshe talla ba ta tare wannan.

Yanzu ta yaya abin ya tsallaka kan wanda bai bincika ba? Duk na'urorin da ke kan waifai ɗaya suna fita intanet da adireshin IP ɗaya, kuma masu harkar talla suna amfani da wannan su ɗaure wayoyi da kwamfutoci da talabijin a matsayin gida guda. A datar layi wannan ba shi da ƙarfi sosai, don kamfanin sadarwa kan cusa dubban mutane a bayan adireshi ɗaya. To sai sauran zaren: lambarsa na cikin jerin sunayen da kika bar manhaja ta kwasa, kuna bin juna, kuna tura wa juna bidiyo, wayoyinku na kwana a wuri ɗaya. Na'urar ba ta san kun yi hira ba. Ta dai san masu kusanci irin wannan kan so abu ɗaya a lokaci ɗaya, sai ta gwada sa'a.

Akwai kuma abin da mai talla ke iya yi da hannunsa. Ya ɗora jerin lambobin waɗanda suka taɓa saye a wurinsa, ko da mutum 100 ne, ya ce a nemo masa masu kama da su. Meta za ta zaɓo masa kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na masu amfani da ita a ƙasar da ya ambata, waɗanda shekarunsu da ɗabi'unsu suka fi kama da na jerin. Wanda ya fara kallon bidiyon gyaran ɗaki, ya bi shafin labule, ya canza unguwar da wayarsa ke kwana, ba sai ya furta kalmar katifa ba.

A wajen Facebook, cikin wasanni da manhajojin kyauta, gwanjo ake yi. Kafin shafi ya gama buɗewa, cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an aika wa kamfanoni masu yawa sanarwa: ga waya ƙirar kaza, lambar tallanta kaza, tana wuri kaza, cikin manhaja kaza, wa zai saya? Ɗaya ne zai ci gwanjon, amma duk sun karanta sanarwar. Wannan lambar tallan, wadda kowace waya ke da tata, ita ce igiyar da ke ɗaure abin da kika yi a manhajar yanayi da abin da kika yi a wasan haɗa kalmomi.

Saura kanmu. Mutum na wuce tallace-tallace masu ɗimbin yawa a yini bai tanka ba, guda ɗayan da ya dace da hirar jiya shi ne zai tsaya masa a rai. Wani lokacin ma a juye abin yake: tallan ya gifta tun shekaranjiya yatsa na gudu, ido ya ɗauka, hankali bai ajiye ba, shi ya jawo hirar. Da ya sake fitowa sai a ce an saurara. Ki taɓa ɗigo ukun da ke kan tallan ki zaɓi dalilin da ya sa aka nuna miki. Ba sa faɗin komai da komai, amma sau da yawa za ki ga sunan shagon da ya kai rahoton.

Yaya Bilki:

Ku yi haƙuri malamai, kun yi saurin sallamar wanda ake tuhuma. Gaskiya ne ba a kama Facebook da wannan ba, shugabanta Mark Zuckerberg ma an tambaye shi a gaban majalisar dattawan Amurka a Afrilun 2018 ya ce a'a. Amma cewa makirfo bai taɓa yi wa masu talla aiki ba, wannan ba haka ba ne.

A Maris 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta aika wa masu manhajoji 12 takardar gargaɗi kan wani rubutun kwamfuta na kamfanin SilverPush, wanda aka ƙera don ya ji wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, da ake iya ɓoyewa cikin tallan talabijin. A ƙarshen 2017 jaridar New York Times ta ba da labarin wasannin waya sama da 250 masu ɗauke da fasahar kamfanin Alphonso, suna buɗe makirfo su gane shiri ko tallan da ke tashi a ɗakin. Ba hirar mutane suke nema ba, sautin talabijin suke kamawa, kuma da izinin da mai wayar ya danna da yatsansa. To wasan tseren mota me ya haɗa shi da makirfo?

Sannan mataimakan murya. Siri da na Google kullum kunnensu a buɗe yake suna jiran a kira sunansu. Wannan jiran wani ɗan ƙaramin sashe ne mai cin wuta kaɗan ke yin sa a cikin wayar, kuma ɗigon nan ba ya kunnuwa dominsa, sai an farka. Matsalar ita ce suna farkawa bisa kuskure in sun ji kalma mai kama da sunansu, daga nan su ɗauki abin da ya biyo baya su aika. A 2019 aka gano cewa ma'aikatan kwangila na sauraron wasu daga cikin waɗannan muryoyin don gyara na'urar, a Apple da Google duka, har da hirarrakin da ba da na'ura ake yi ba. Apple ya nemi afuwa ya mayar da abin sai wanda ya yarda. A 2025 ya amince zai biya dala miliyan 95 don a kashe ƙarar da aka kai shi kan wannan, bai amsa laifi ba, kuma ya dage cewa bai taɓa amfani da muryar Siri don talla ba.

Binciken Northeastern ɗin ma na'ura ce ta riƙa latsa manhajojin, ba mutum ba, kuma masu binciken da kansu ba su ce sun rufe magana ba.

Wanda ake mantawa da shi kuma yana jingine a bango. Talabijin mai intanet ba ya buƙatar makirfo, hoton da ke kan allonsa yake ɗanɗana lokaci-lokaci ya gane wane fim, wane wasan ƙwallo, wane talla, ko da ta wayar HDMI hoton ya shigo. A Fabrairun 2017 kamfanin Vizio mai ƙera talabijin ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda ya kwashi irin wannan bayani daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. Talabijin ɗinki da wayarki kuma waifai ɗaya suke sha.

Ummu Sadiq:

Allah ya saka da alheri, kan mage ya fara wayewa. Saura WhatsApp: in an rubuta sunan abu a can fa? Kuma har yanzu ba a faɗa mini abin da zan kashe ba.

Abu Hanif:

Na karɓi gyaran Yaya Bilki, musamman kan mataimakan murya.

Saƙon WhatsApp a kulle yake tun daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa, haka yake tun Afrilun 2016, kamfanin ba ya karanta cikinsa. Abin da yake gani shi ne kewayen saƙon: lambarki, lambobin da ke wayarki, ƙirar wayar, adireshin IP, lokutan da kike ciki. Inda ruwa ke yoyo daban ne. Ƙawa ta turo mahaɗin shago kin taɓa, kin fita daga kulle kin faɗa hannun fiksel. Kin yi magana da asusun kasuwanci, shi mai kasuwar yana iya ajiye hirar ya yi talla da ita. Sai allon rubutu, wanda ke ganin kowane harafi kafin a kulle shi. A 2017 bayanan mutum miliyan 31 masu amfani da wani allon rubutu mai suna ai.type suka zube a fili. Ki tsaya kan wanda ya zo da wayar ko na kamfanin da aka sani, ki rabu da masu furanni da walƙiya. Ajiyar hirarraki a Google Drive ko iCloud ma ba ta cikin kullen sai kin kunna da kanki a sashen ajiyar hira. Za a ba ki zaɓin kalmar sirri ko mabuɗi mai haruffa 64. In kika ɓatar da shi kuma wayar ta ɓace, ajiyar ta tafi, WhatsApp ba shi da kwafinsa.

Abin kashewa, ki fara da lambar talla, ita ta fi tsoka. A Android tana sashen talla, ƙarƙashin sirri ko ƙarƙashin Google, ya danganta da ƙirar waya. Akwai sabuntawa akwai gogewa. Ki goge, domin sabuntawa sabuwar igiya kawai take ba su. Bayan gogewa duk manhajar da ta tambaya sifili za ta samu. A iPhone, tun iOS 14.5, ki shiga sashen bibiya ki kashe maɓallin da ke bai wa manhajoji damar neman bin sawunki.

Daga nan izinin makirfo da na wuri. Ki buɗe jerin, duk wadda ba kira ko saƙon murya ko bidiyo take yi ba ki cire ta. Masu buƙata jefi-jefi ki sa su kan tambaya kowane lokaci. Na wuri kuma ki kashe ainihin wuri ki bar na kusa-kusa, wanda a Android faɗinsa kamar murabba'in kilomita 3 ne. Ya ishi manhajar yanayi, amma taswira da manhajar kiran mota za su rikice, su ki bar musu na ainihi lokacin amfani kawai.

A Facebook ko Instagram ki shiga cibiyar asusu, sashen bayananki da izini. Can za ki ga jerin shaguna da manhajojin da suka kai rahotonki, kuma tsawonsa kan ba mutum tsoro. Ki share na baya, ki cire haɗin na gaba. Abu biyu ki sani: yana iya ɗaukar awa 48, kuma zai fitar da ke daga manhajojin da kika shiga da asusun Facebook, don haka ki tabbatar kina da wata hanyar shiga kafin ki danna. Ba goge bayanin suke yi ba, raba shi da sunanki suke yi. A wuri ɗaya za ki kashe ɗora lambobin waya. Na Google yana myactivity.google.com: ki cire alamar ajiye murya, ki sa gogewa da kanta bayan wata 3 maimakon 18 ko 36. In ba kya amfani da mataimakin murya ki kashe kiran sunansa gaba ɗaya. Talabijin kuma kowane kamfani da sunan da ya laƙaba wa abin, ki nemi maganar bayanan kallo a sashen sharuɗɗa ko sirri ki janye yardarki.

Mai son ƙari, Android 9 zuwa sama na da gurbin DNS na sirri a saitin sadarwa, wato inda ake zaɓar mai nemo wa waya adireshin shafuka. In aka rubuta dns.adguard-dns.com zai tare da yawa daga masu bin sawu a cikin wasanni da shafuka. Ba ya taɓa tallan YouTube ko Facebook, don daga gida ɗaya suke fitowa da bidiyon. Yakan kuma hana shafin shiga waifai na otal ko filin jirgi buɗewa, sai an mayar da shi kan atomatik na ɗan lokaci.

Duk wannan ba ya rage yawan talla, yana rage saninsu da ke ne kawai.

Yaya Bilki:

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne inda waya ke sauraro da gaske. Ba mai katifa ba ne, manhajar leƙen asiri ce. Akwai ta manya irin Pegasus, wadda WhatsApp ya kai kamfanin NSO da ya ƙera ta ƙara a kanta a 2019 kan kutse a wayoyi kusan 1,400, ciki har da na 'yan jarida da masu fafutuka. Wannan tsadarta ta fi ƙarfin a ɓata ta a kan kowa. Wadda ta fi yawa ita ce wadda wani na kusa ke sawa cikin minti biyar da ya riƙe wayar a buɗe, ko wadda mutum ya sa wa kansa da hannunsa: WhatsApp ɗin jabu mai alƙawarin nuna saƙon da aka goge, ko manhajar fim kyauta da aka sauko daga wani shafi.

Irin waɗannan sukan ɓoye tambarinsu su ɗauki suna mai kama da na tsarin waya. A Android wuri uku ake dubawa: jerin manhajojin da aka bai wa izinin taimakon masu buƙata ta musamman, domin mai wannan izinin na karanta duk abin da ke allo har ya danna maɓalli da kansa, jerin manhajojin da aka naɗa masu kula da na'ura, waɗanda ba sa goguwa sai an sauke su daga muƙamin, da Play Protect, mai gadin manhajoji na Google a cikin Play Store, in aka same shi a kashe kuma ba ke kika kashe ba. In an sami abin zargi kuma ana tsoron wanda ya sa, kada a yi gaggawar gogewa, don yana iya ganewa. A fara canza kalmomin sirrin imel da na Google ko Apple daga wata na'urar daban, a ɗauki hoton allon da wata waya, sannan a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Wajen dawo da kaya a ɗauko hotuna da lambobi kawai, manhajoji a sake sauko su ɗaya bayan ɗaya daga Play Store.